Gidan da Babu Zaure

Ciyawa ta tsiro a bakin ƙofar Kawu Attahiru, har ta yi fure.

Da ya bar aikin akawun gwamnati a 1976, sai ya gina gidan siminti a bayan garin Gwandu, ya hana a yi masa zaure, wai matattarar marasa aikin yi ce. Mai son ganinsa kuwa, sai ya aiko tukuna. Mutanen gari suka girmama dokar ƙwarai, babu wanda ya aiko.

Shekara biyu bayan rasuwar matarsa na iske shi ya rame, ba barci, ba cin abinci, sai gardama da rediyo. Na raka shi wurin malamin asibiti a Kalgo. Malamin ya auna shi, ya ce jini ya hau, sannan ya tambaya, "Ranka ya daɗe, da wa ka yi hira jiya?"

"Hira magani ce?" in ji Kawu. "Yi mini allura."

Inna Jummai, ƙanwarsa, ba ta jira allura ta yi aiki ba. Ta leƙa wani gidan suna, ta ce Attahiru dai sai addu'a. Kafin la'asar masu dubiya sun cika gidan, rabi don lada, rabi don su ga yadda cikinsa yake.

Bayan mako guda kowa ya gama kallo. Saura Basharu mai ɗinkin hula, abokinsa tun makarantar allo, wanda kullum da hantsi yake zuwa da zarensa.

"Akawu, har yanzu kana nan? Na fa wanke rigar jana'iza."

"Ni zan binne ka, tsohon banza!"

Haka suke yi har azahar. Kawu ya koma cin tuwo malmala biyu, yana barci har da minshari. Malamin asibiti ya sake aunawa, ya ce, "Ko me kake sha, kada ka daina."

"Allurar ce," in ji Kawu.

Lafiya ta dawo, hali ya biyo ta. Ran nan Basharu ya shigo da sallama, ya tarar da Kawu bisa kujera, cikin farar riga, da jarida a hannu.

"Malam Basharu, ka ga na warke. Daga yau in za a zo, a riƙa aikowa."

Basharu ya tsaya yana jiran dariyar. Kawu ya juya shafi. Sai Basharu ya soke allurarsa a jikin hular da yake ɗinkawa, ya sa takalmansa, ya ja ƙofar ƙarfen a hankali.