Ƙugin Amfilifayar Tela

Kwan gwajin ya haska fau, sannan ya dushe a hankali har ya koma ja kamar garwashi. Mai Rediyo ya so a ce hasken ya tsaya, domin da ya tsaya, alama ce wani abu ya haɗe a ciki kuma amfilifayar, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ba za ta tashi ba. Amma ya dushe, Tela kuwa ya juyo yana murmushi har kunne.

"Injiniya, ka gani? Yadda ka koya mini."

"Na gani," in ji Mai Rediyo, a daƙile.

Shekara talatin yana gyaran rediyo a shagon da ke kallon gidan Tela. Da ciwo ya kumbura wa Tela ƙafafu har ya kasa taka keken ɗinki, sai ya riƙa tsallakowa yana zama a bencin shagon yana tambaya. Mene ne wannan? Me ya sa wancan yake zafi? Mai Rediyo ya riƙa jefa masa amsa kamar mai watsa wa kaji tsaba, bai taɓa zaton ana tsincewa ana adanawa ba. Yau ga shi mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan wuyan riga ya haɗa amfilifaya da hannunsa, a kan teburin yanka yadi.

Aikin kuwa ya yi kyau, abin da ya fi ci wa Mai Rediyo rai ke nan. Kowane ɗigon dalma daidai yake da ɗan'uwansa, sumul, yana sheƙi. Nasa aikin, in ka buɗe, sai ka rantse kaza ce ta yi tono a ciki. Tun kafin a gama ma mutanen layin sun fara cewa, "Ashe Tela ya fi mai shagon." Da wasa suke faɗa, amma shi ba da wasa yake ji ba.

Tela ya jona lasifika. Nan take wani ƙugi ya cika ɗakin, mai kauri, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Murmushinsa ya ragu.

"To, ga matsalar. Kai ka ce mini injin kirki, in an kunna shi ba a sa komai ba, shiru yake yi. Ni shirun nan nake son ji kafin in sa masa waƙa."

Mai Rediyo ya sunkuya, kuma bai yi daƙiƙa biyar ba ya ga laifin. Tela, da yake tela ne, bai iya ganin abu a warwatse. Ya tattara wayoyin duka wuri ɗaya, ya naɗe su da baƙin zare, ɗauri bayan ɗauri, tsaf. A cikin damin nan siririyar wayar da ke kawo sauti tana kwance jikin wayoyin wuta, tana kwasar ƙuginsu. Almakashi kawai ake bukata.

Maganar ta zo har bakinsa. Sai ya tuna da mutanen layi.

"Taransifomarka ce," ya ce. "Naɗin bai yi ba."

"Duka zan warware?"

"In kana son shiru."

Tela ya dube shi ɗan lokaci, sannan ya gyaɗa kai. "To, Injiniya. Na gode."

Daga ranar, duk sanda Mai Rediyo ya ɗaga kai daga aikinsa, yana hango Tela ta taga yana naɗa wayar tagulla, zagaye bayan zagaye, leɓensa na motsi da ƙirga. Da farko abin ya yi masa daɗi, ba zai ɓoye ba. Da hantsi kuma sai ƙugin ya tsallako titi ya same shi, ya ce a ransa, "A dai koma ga allura."

Matarsa ce ta fara tsikararsa. Ta kawo masa abincin rana, ta tsaya tana kallon tagar.

"Mutumin nan fa ya rame. Ba za ka leƙa ka taimaka masa ba?"

"Ai an ce ya fi ni."

"Kai dai da kishi kamar ƙaramin yaro. Har da marar lafiya?"

Ya yi niyyar zuwa, gaskiya ya yi. Amma in ya je yanzu ya yanke zaren, me zai ce game da taransifomar? Ya ce gobe. Gobe ta yi, aiki ya yi yawa. Sau biyu Tela ya sake naɗin, kuma a na biyun matar Tela ce ke riƙe masa ƙarfen narka dalma saboda ciwon ya ci ƙarfinsa.

Wata safiya ƙugin bai zo ba. Abin kunya, tunanin Mai Rediyo na farko shi ne Tela ya gano laifin da kansa. Sai ya ga mota ta tsaya a ƙofar gidan, an fito da shi a rirriƙe. Da yamma motar ta dawo, kukan mata ya riga ta shiga layin.

Bayan kwanaki, da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, matar Tela ta aiko a kira Mai Rediyo. Ɗakin yana nan yadda yake: keken ɗinki a lulluɓe, amfilifaya a buɗe a kan tebur, almakashi a gefenta.

"Ya bar maka saƙo," ta ce. "Ya ce kada in bari kowa ya taɓa ta sai kai."

"Ni kuma?"

"Ya ce ranar da ka zo, ya ga idonka ya tsaya a wuri ɗaya, ba a kan taransifoma ba. Ya yi ta neman wurin bai gane ba. Na ce ya sake tambayarka mana, sai ya ce a'a, in ka shirya za ka zo da kanka." Ta gyara mayafinta. "Kullum da hantsi yake kunna ta, ya ce don ka ji yana nan yana jira."

Kunya ta rufe Mai Rediyo, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma.

Ya ɗauki almakashin. Ɗauri goma sha ɗaya ne, kowanne da ƙullinsa mai kyau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yankewa. Ya zare siririyar wayar, ya kai ta can gefe, nesa da sauran. Aikin bai kai minti biyu ba.

Ya kunna. Kwan ya haska, ya dushe.

"Ta lalace ne?" in ji matar. "Ban ji komai ba."

"Lafiyarta ƙalau," ya ce.

Ya durƙusa ya manna kunnensa a jikin lasifikar, ya daɗe a haka. Guntayen baƙin zaren suna zube a kan teburin, kwan yana ja a gefensu.