Mai Karyayyen Tauraro

Asansar, na'urar hawa bene, ta sake lalacewa, sai Latifa ta haye matakalar benen goggonta a unguwar Minguettes da gudu, salula a hannu, tana haki. Tun da jirgi ya baro Paris ta kasa zama wuri ɗaya. Yau ce ranar ƙarshe kafin a buga mujallarsu ta zane da kayan ɗaki, kuma babban editan, Ilyes, ko sama da ƙasa za su haɗe ba ya lanƙwasa ƙa'ida.

Duk rigimar a kan kujerar fata ce da wani kamfani ya fitar, mai zanen tauraro da reshe ɗaya a karye. A ƙarƙashin hoton kujerar da za a buga an rubuta: zanen gargajiya, ba a san mai shi ba. Latifa kuwa ta san mai shi sarai. Mijin goggonta ne, baduku a Damagaram, ya rasu tun ba a haife ta ba.

"Ke labari kika ji," in ji Ilyes da safe. "Ba ma buga suna sai wanda ya gani da idonsa ya faɗa da bakinsa, an ɗauki murya. In babu, rubutu ya tsaya yadda yake."

Goggonta Hajiya A'i ta buɗe ƙofa, ta shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina sanyi, ina mutanen Paris ɗaya bayan ɗaya. Latifa na amsawa a gaggauce. Da ƙyar ta samu ta nuna hoton, ta kunna ɗaukar murya.

Tsohuwar ta kawo salular dab da idonta, sai ta yi dariya.

"Wuƙa ce ta goce! Ina amarya, na shigo masa da fura, ya ɗago ya dube ni. Da ya ga ɓarnar sai ya ce a bar ta haka. Duk aikin da ya yi bayan nan, da gangan yake karya reshen."

"Wa ya zana, Goggo?"

"Malam mana."

"Sunansa nake so."

"Baban Widad."

"Goggo, sunansa na yanka."

Hajiya ta dafe ƙirji. "La'ilaha! Ke 'yar nan, Faransa ta cinye miki kunya? Ni in kama sunan Malam? Yana raye ban yi ba, sai yanzu da yake kwance?"

Kai, Latifa ta ji kamar ta mari kanta. Ta ƙetaro ƙasa guda ta manta abin da kowace yarinya ta sani a gida. Salula ta yi ƙara, Ilyes ne. Ta kashe, ta miƙe, ta je taga, ta dawo.

"To me za su rubuta in ban faɗa ba?" in ji Hajiya.

"Ba a san mai shi ba."

"Ba a san shi ba," Hajiya ta maimaita a hankali. Ta daɗe tana kallon hoton. Can ta ce, "Ajiye abin nan. Je ki madafa ki dafa mini shayi. Ja ƙofar."

Latifa ta dafa shayin da babu wanda ya sha. Da ta fito, goggonta ta miƙa mata salular ba tare da ta dube ta ba.

Sai a cikin taram, jirgin ƙasan cikin gari, ta sa abin kunne, ta kunna abin da salular ta ɗauka. Da farko ƙarar firiji ce kawai. Sannan muryar ta zo, a tsaye, kamar mai ba da shaida gaban alƙali:

"Ni A'i, na gani da idona. Rabi'u Baduku ya zana shi."

Latifa ta kai yatsa za ta tsayar, sai ta ga da saura. Sai muryar ta dawo, ƙasa-ƙasa, ba irin ta ɗazu ba.

"Rabi'u," in ji tsohuwar. "Rabi'u. Ashe haka yake a baki."

Hawaye suka zubo wa Latifa, ba ta share ba. Salula ta sake ƙara. Ta yanke muryar daidai inda shaida ta ƙare, ta tura wa Ilyes. Sauran ba na mujalla ba ne.