Wa Ya Koya Miki Runguma?

Kaka Profira tana tuƙa tuwon masara a bakin murhu sai ta ji an cafke ta ta baya. Saura kaɗan muciyar ta suɓuce mata. Ta waiga, ta ga jikarta Mirela, 'yar shekara biyar, ta zagaye mata ƙugu da hannaye, ta manna kunci a jikinta.

"Me kika fasa?"

"Ban fasa komai ba."

"To me kike so? Alawa ta ƙare."

"Ba na son komai. Ina son ki ne, Kaka."

Tsohuwar ta sauke tukunya, ta leƙa ɗaki, ta ga kofuna suna nan lafiya. 'Ya'ya uku ta raina a gidan nan, babu wanda ya taɓa yi mata irin wannan magana, ita ma ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta ciyar da su, ta ɗinke musu safa in ta yage. A wurinta so ke nan.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Malama Otilia. Ta ce in mutum ya gaji a rungume shi. Ke kin gaji."

Profira ta sunkuya ta shinshina kan yarinyar. Ƙamshin wani turare ne da ba na gidanta ba.

* * *

A ƙauyenmu, kamar sauran ƙauyukan ƙasar Moldova, tsofaffi da yara ne suka rage. Masu ƙarfi sun tafi aikatau ƙasashen waje. Doina, uwar Mirela, tana Italiya tana jinyar wata tsohuwa tun yarinyar ba ta iya magana ba. Abin da ke zuwa daga gare ta kwalin tsaraba ne, da muryarta a waya ran Lahadi.

Washegari a bakin rijiya Profira ta kawo zancen malamar. Maƙwabciyarta Agafia ta dire bokiti, ta matso.

"Ashe ke ma kin lura! Mace ta baro babban birni Chisinau ta zo wannan lungun, ba miji, ba ɗa, tana ɗora 'ya'yan mutane a cinya. Jikana ya ce har tambayarsu take yi wa ke yi musu wanka, da wa suke kwana."

"Ina ruwanta?"

"Yo ni ma abin da na ce ke nan. Kin manta ƙauyen ƙetaren kogi? Da tambaya aka fara. Ƙarshenta ma'aikatan gwamnati suka zo da mota suka kwashe yara biyu, wai ba su da mai kula."

Profira ta dakata da jan guga. Ta tuna rannan da ciwon baya ya kwantar da ita, Mirela ta tafi makaranta da rigar jiya. Ko malamar ta gani? Ko ta faɗa wa wani?

Ran Lahadi Doina ta kira. Mirela ta karɓi wayar tana zuba labari: sun shayar da fure, sun ba kyanwa madara, wani yaro ya faɗi ta tashe shi. "Sai Mama Otilia ta ce..."

"Mama wa?" Doina ta katse ta.

Profira ta karɓe wayar.

"Mama, me nake ji haka?" in ji Doina. "Ina nan ina wanke kashin uwar wasu, bayana kamar zai tsage, don 'yata ta kira wata banza uwa? Me matar nan take nema da 'yata?"

* * *

Profira ta ɗaura kallabinta na zuwa coci, ta nufi makarantar yaran. Ba ta shiga ba. Ta laɓe jikin taga tana leƙe.

Yaran suna zaune a kan kilishi, kowa da 'yar tsana. Malama Otilia, wata siririya mai gajeren gashi, tana tsakiyarsu. "Jaririnku yana kuka," in ji ta. "Ya za ku yi masa?"

Wasu suka jijjiga nasu. Mirela ta kwantar da tata, ta tashi ta tafi can ƙuryar aji, ta kara tafin hannu a kunne. "Yi shiru, zan aiko miki da takalmi," ta ce da ƙarfi. Yara da dama suka tashi suka yi yadda ta yi.

Malamar ba ta yi dariya ba. Ta je ta kamo hannun Mirela, ta dawo da ita, ta ɗora mata 'yar tsanar a ƙirji, sannan ta rungume su duka biyun. Yarinyar ta lumshe ido, ta saki jiki yadda Profira ba ta taɓa ganin ta yi ba. Tsohuwar ta tura ƙofa.

"Sake ta!"

"Sannu da zuwa, Kaka. Ki zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Wa kike kai wa rahoton gidajenmu?"

"Rahoto kuma?" Malamar ta sassauta murya. "Kaka, da na zo ajin nan, in yaro ya faɗi sauran kallonsa kawai suke yi. Mirela takan yini ba ta ce uffan ba. Ina tambayarsu ne don in san wanda yake bukatar..."

"Tana da uwa."

"Na sani. Kullum sai na gaya mata."

Maganar ta yi daɗi da yawa, abin da ya ƙara tsorata Profira ke nan. Mai niyyar ɗauke maka ɗa ai ba da faɗa yake zuwa ba. Ta fizgi hannun jikarta suka fita.

A makon nan ita da Agafia da wasu kakanni suka je wurin shugaban ƙauye. Ba su da hujja, amma suna da yawa. Aka gargaɗi malamar kada ta sake taɓa ɗan kowa. Kafin ƙanƙara ta narke ta haɗa kayanta ta koma birni. Wadda aka kawo a madadinta ta koya wa yara zama a layi da ƙirga, kowa ya kama kansa. Gida ya lafa. Mirela ta daina tambayoyi da runguma, Profira ta ce ta yi hankali.

* * *

Ana jibi bikin Ista motar da ke jigilar Italiya ta tsaya a ƙofar gida. Doina ta sauko, ta rame, hannayenta sun yi kaushi saboda ruwan wanki. Da ta hango 'yarta sai ta saki jakunkuna, ta zube a gwiwa cikin taɓo, ta buɗe hannaye.

"Mirela! Zo, 'yata. Zo wurin Mama."

Yarinyar ta dubi kakarta, ta dubi baƙuwar. Ta tako a hankali, ta tsaya nesa kaɗan.

"Sannu da zuwa," ta ce cikin ladabi.

"Je ki mana," in ji Profira. "Uwarki ce. Je ki."

Mirela ta matsa, ta tsaya ƙiƙam. Doina ta jawo ta ta ƙanƙame tana kuka, ita kuwa hannayenta suna rataye a gefe, idonta yana kan kajin da ke tono a bayan shinge, tana jira a gama.

Grigore direba ya sauke kwali na ƙarshe, ya rufe bayan mota, ya goge hannu a wando.

"Doina, Laraba zan juya. In ajiye miki kujera?"

Ba ta ɗago kai ba. Har yanzu gwiwoyinta suna cikin taɓo.

"Ajiye," ta ce.