Jinin Gidan Su Kashim

Sojan da ke shingen hanyar Bulabulin ya sa Kashim ya sauko daga keke napep ya buɗe jakar jitarsa. Da ya ga fuskarsa sai ya washe baki.

"Kai ne mai waƙar ciwon jinin nan a talabijin? Ɗan rera mana mana!"

"Ranka ya daɗe, wani lokaci. Rai nake bi."

Ba ƙarya ya yi ba. Da safen nan ya kamata a ce yana situdiyo a Wulari, inda wani furodusa daga Kano ke jiran sa, damar da ya yi shekaru yana nema. Sai ga wayar yayarsa Yagana: surukinta ya kira wanzami, yau za a yi wa ɗanta Abdulnasir kaciya tare da yaran gidan.

Kashim ya san abin da hakan ke nufi. Ciwon da likitoci ke kira himofiliya a gidansu yake: jini in ya ɓalle ba ya daskarewa, mata ke ɗauke da shi, 'ya'yansu maza ke shan wahalarsa. Wansa Umar Faruk a kan tabarmar kaciya ya fara zubar da jini, bai ga ƙarshen makon ba. Abdulnasir kuwa, ko faɗuwa ya yi sai gwiwa ta kumbura kamar tulu. Kashim ya yi waƙoƙi a kan ciwon, ya zaga makarantu da sansanonin 'yan gudun hijira yana faɗakarwa, amma ko sau ɗaya bai taɓa cewa shi ma yana da shi ba. Kunya, wallahi, ba wani abu ba.

Gidan cike yake da mutanen Konduga da rikici ya koro. A tsakar gida an jera yara cikin sababbin bantuna, wanzami Hamisu na wasa askarsa, mata suna leƙe ta bayan zana. Dattijo Ba Zarami, surukin Yagana, yana zaune a kan buzu.

Kashim ya durƙusa da ƙyar, don gwiwoyinsa ba sa lanƙwasuwa sosai.

Ya gaishe shi da yarensu: "Wushe, Ba. Na zo roƙo ne. A cire Abdulnasir daga layin nan, a bari a yi masa a asibiti, inda akwai allurar tsayar da jini."

"Uwarsa ce ta turo ka?" Tsohon ya girgiza kai. "Tsoron mata ne. Tun ranar da aka shiga Konduga ban sake ganin ubansa ba. Wannan yaron kaɗai ya rage mini. Sa'o'insa su zama maza, shi ya tsaya yana kallo, a riƙa yi masa dariya? Ina! Ajali kuma na Allah ne."

"Na Allah ne, Ba. Amma wana haka ya tafi."

"Kai fa? Ba ciki ɗaya kuka fito ba? Ga ka nan garau, kana ta kaɗe-kaɗenka."

Maza suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kashim ya dubi Abdulnasir, wanda ke murmushi don an yi masa alkawarin kaza. Sai ya miƙe, ya naɗe wandonsa har cinya. Gwiwoyin nan a kumbure, sun karkace, ga tabon kwanciyar jini baƙi-baƙi har ƙauri.

"Ga garau ɗin nawa," in ji shi, da ƙarfi yadda na bayan zana za su ji. "Ni Kashim, ba a yi mini kaciya ba sai da na yi gemu. A asibiti, da allura, kuma duk da haka sai da aka ƙara mini jini. Duk wanda zai yi dariya ya yi yanzu, ina tsaye."



Ya miƙa wa wanzamin hannunsa. "Malam Hamisu, in ana son shaida, tsaga ni kamar za ka yi mini ƙaho. Mu zauna mu ga lokacin da zai tsaya."

Hamisu ya duƙa ya taɓa gwiwar Kashim da yatsa, sannan ya jawo Abdulnasir ya taɓa tasa.

"Ba Zarami, ka yi haƙuri," ya ce. "Askata ba za ta taɓa yaron nan ba, ko kawunsa."

Tsohon ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Asibitin nan, ni zan riƙe shi ranar. Ba kai ba."

"Kai ne kakansa, Ba."

Wayar Kashim ta yi ta ruri a aljihu. Furodusa ne, ya sani, kuma motar Kano ba ta jiran kowa. Ya sa hannu zai ɗauka ke nan, sai wata mata da bai taɓa gani ba ta fito daga bayan zana, ta ratsa tsakiyar maza ko mayafinta ba ta gyara ba. Ta kama hannun yaro na biyu a layi ta jawo shi gaban Kashim.

"Malam," ta ce, "ƙannena biyu maza, duk a kaciya suka rasu. Aka ce mana mayu ne. Don Allah duba mini gwiwar wannan."

Kashim ya kashe wayar, ya jingine jitarsa a bango, ya lallaɓa ya durƙusa a gaban yaron.