Layin da Gangunan Marnie Suke

A lokacin babu wanda ya san ƙungiyar kiɗansu a wajen garin Duluth. Marnie Koskela ce ke kaɗa musu ganguna, kuma a garejin gwaggonta suke naɗar waƙoƙi da wata tsohuwar rikodar kaset. Da safe tana aikin wanki a gidan kula da tsofaffi, da yamma ta ɗaure yatsunta da sanyi ya tsattsaga da filasta, ta zauna bayan ganguna. Ba ta taɓa cewa a dakata saboda hannunta ba.

Wani mutumin kamfanin faifai daga Minneapolis ya ji su a mashaya, ya ce su aika masa kaset. Sannan ya ja Gordie, mawaƙinsu, gefe ya ce yarinyar nan tana ƙara gudu idan an zo amshi, su san yadda za su yi da ita. Teague mai jitar bes ne ya tsegunta mata.

Ranar Asabar Gordie ya shigo rungume da wata na'ura mai kaɗa ganguna da kanta da ya aro. Ya yi ta kame-kame, wai don kaset ne kawai, a dandali Marnie ce dai makaɗiyarsu. Marnie ta san wanda babu hannunsa a kaset, babu sunansa a yarjejeniya. Ba ta roƙe shi ba. Ta ajiye sandunanta, ta harɗe hannuwa.

"Bismillah, sarkin waƙa, goge ni daga kaset ɗin," in ji ta.

Rikodar tasu layin ɗaukar sauti huɗu kawai gare ta, kowane kiɗa ko murya da layinsa. Idan sun cika, sai a zuba wasu cikin ɗaya, a goge na asali don a sami wuri, kuma abin da aka zuba tare ba ya rabuwa. Teague ya rage sautin layin ganguna a waƙarsu mafi kyau, sai muryar Gordie ma ta ɓace. Ashe makon da ya wuce Gordie ne da kansa ya haɗe muryarsa da gangunan, don ya sami inda zai ƙara jita har biyu. Muryar kuwa ranar da yake fama da mura ya rera ta, a dishe, kuma kowa ya yarda bai taɓa waƙa haka ba.

Teague ya tuntsire da dariya, ya ce, "Mutumina, ka ɗaura wa kanku aure ba ka sani ba."

Gordie ya ce ai sai ya sake rerawa. Suka sa sabon kaset, na'ura ta kama bugu. Duk sanda aka zo amshi sai ya wuce na'urar ya bar ta a baya, domin shi ma da gudun ya saba. Ya yi ta maimaitawa har maƙogwaronsa ya bushe. Marnie na zaune cikin rigar sanyi, tana jin yatsunta na zogi.

A ƙarshe ya kashe na'urar, ya ce a aika tsohon kaset ɗin yadda yake. Bai dubi Marnie ba ya tambaya ko za ta ɗan rage gudu nan gaba.

"Ba zan rage ba. In mutumin bai so, ya zo ya faɗa mini a fuskata," in ji ta. Ta ɗauki sanduna, ta ce su shiga waƙa ta biyu.