Rabon Gidan Inna Siutiti

Tun da sassafe Lisiate ya hura wuta a ramin gasa abinci, ya jera duwatsu a kai, ya zauna yana kallonsu suna yin ja. Lahadi ce, ta uku da dawowarsa, amma har yanzu fatar bayan hannunsa ba ta daina ɗayewa ba.

Kwana goma sha ɗaya suka yi a teku, shi da abokinsa Taniela, bayan injin kwalekwalensu ya mutu, ruwa ya ja su nesa da tsibirinsu na Ha'apai. Taniela ya cika a rana ta takwas. Shi kuwa Lisiate wani jirgin kaya ne ya tsince shi.

Tun yana can matarsa Kalolaine ta yi wa Allah alkawari, in ya dawo da rai za ta ciyar da ƙauyen kaf. Yau ce ranar cikawa. Ga doya, ga gwaza, ga kifi an naɗe a ganye da ruwan kwakwa.

"Kai, mutumin teku," in ji ta, "doyar nan ita za ta fere kanta? Ko sai jirgi ya zo ya tsince ta ita ma?"

Ya yi ɗan murmushi, ya ɗauki wuƙa.

"Kalo, faranti nawa kika ware?"

"Kowane gida da nasa."

"Har da gidan Inna Siutiti?"

Ta ajiye ganyen da ke hannunta. Inna Siutiti ita ce mahaifiyar Taniela, gida biyu ne tsakaninsu. Kowace Lahadi dama maƙwabta kan aika wa juna abinci, wanda aka tsallake kuwa ya san an yanke shi. Amma na yau abincin godiya ne, mai kai shi dole ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, ku taya mu gode wa Allah.

"Da wane baki zan faɗi haka a ƙofarta?" ya ce. "Ta taya ni murnar me? Cewa ni ne na dawo?"

"To mu tsallake ta, gobe a ce mun guje ta kamar mai cuta?"

"A kai, a ajiye, ba magana."

"Ba magana? Sai ka ce ana ba kare! Lisi, sati uku kana zagayawa ta bayan coci don kada ka wuce ƙofarta. Kana tsammanin ba ta gani?"

Suka rufe ramin da ganyen ayaba, suka tafi sujada.

A coci fasto ya kira sunansa don ya tashi ya ba da shaida. Ya miƙe, ya hango Inna Siutiti can baya cikin baƙaƙen kaya, tsohuwar tabarma ɗaure a jikinta har kafaɗa, kamar yadda masu makoki ke yi a tsibirin. Maganar da ya shirya ta ɓace. Ya ce, "Na dawo," ya koma ya zauna. Sai mawaƙa suka ɗauki waƙa don su rufe shirun.

Da aka buɗe rami, Kalolaine ta cika faranti ta ɗora masa a hannu. Ya fita. Tafiyar gida biyu ce, amma sau biyu yana tsayawa.

Ya tarar da tsohuwar zaune a ƙasa a bakin ƙofa. Ba hayaƙi a gidan, ba alamar an dafa komai. Ya tsaya a gabanta, ya miƙa farantin, bakinsa ya ƙi buɗewa.

"To, faɗa mana," in ji ta. "Ko ruwan gishiri ya cinye maka harshe?"

"Inna, ba zan iya ba."

"Zauna. Kada ka tsaya mini a kai kamar bishiyar kwakwa."

Ya zauna. Ta daɗe tana kallon hannuwansa.

"Kai ka sa gawar Taniela a ruwa?"

"Ni ne, Inna. Na riƙe shi kwana ɗaya, sai rana ta yi yawa."

"Ka yi masa addu'a?"

"Na yi wadda na iya. Na lulluɓe shi da rigata."

"Ya sha wuya?"

Lisiate ya so ya ce a'a. Ya kasa.

"Ya sha. Amma daga ƙarshe barci ya yi ta yi. Ya ce in gaya miki ki daina hawa tsani kina gyaran rufi, kin tsufa."

Wata irin dariya ta kufce mata, ta rufe fuska da hannu. "Ɗan banza," ta ce. "Har a can ma sai ya yi mini faɗa."

Ta yi kuka mai tsawo, shi ma ya yi. Kaji suka fara matsowa kusa da farantin, ta kore su da bakin mafici.

"Ka ji, ɗana," ta ce. "Ni ban gode wa Allah ba tukuna. Tun ranar da aka kawo labari in na buɗe baki faɗa nake yi da Shi. Ban san ranar da zan daina ba. Amma kai an ba ka abin godiya, kada ka ɓoye shi saboda ni. Ka yi godiyarka a nan, ina ji."

Ya sunkuyar da kai. Ya gode wa Allah don ransa, don jirgin da ya tsaya, don shekaru ashirin da shida da aka ba Taniela. Nan ya tsaya.

Inna Siutiti ba ta ce amin ba. Ta jawo farantin gabanta, ta gutsuri doya, ta riƙe ta a hannu har ta huce, sannan ta kai baki.