Tsatsar Jirginmu

Shekara goma sha tara ina shugaban leburorin jirgin Wilhelmine Roos, muna jigilar busasshiyar kwakwa daga tsibiran Fasifik zuwa Hamburg. Da yaƙi ya ɓarke, sojan ruwan Jamus suka karɓe shi, suka ɓoye igwa shida a inda muke jibge buhuna, suka ɗaga masa tutar Norway ta ƙarya, aka ce mu koma can mu farauci jiragen Ingila. Ranmu, mu ɗari uku, ya rataya a kan abu ɗaya: duk wanda ya hango mu ya ɗauka tsohon jirgin kaya ne.

Sai aka haɗa mu da Laftanar Von Stralow, wanda a littafi ya san teku. Ranar farko ya shafa ƙarfen gefe da farar safar hannu, ya nuna mini yatsa.

"Dethlefs, wannan ƙazantar fa?"

"Tsatsa ce, ranka ya daɗe. Ita ce rigarmu. Jirgin kaya ba ya wanka."

"Na Jamus yana yi. A kankare."

Aka kankare, aka shafa fenti, tsohon nan ya koma kamar sabon kwano. Kayan shanya ma ya sa aka jera su, riguna layi ɗaya, safa layi ɗaya. Da na ce masa 'yan jirgin kaya ba sa tsayawa ƙiƙam, sai sakaran ya shiga koya wa sojoji zaman banza da usur: busa ɗaya a jingina, busa biyu a ɗaga hannu.

Fiete kuku, abokina tun tafiyar farko, ya zungure ni. "Tsoho, in ya busa uku fa?"

"Sai ka yi tusa, amma ka jira sauran."

Wata rana da tsakar rana jirgin sama na Ostareliya ya bayyana a kanmu. Usur ya yi ƙara sau biyu. Mutum ashirin suka ɗaga hannun dama lokaci guda, suka kaɗa sau uku, suka sauke tare. Jirgin ya kewaya mu, ya juya.

"Ka ga amfanin tsari?" in ji Von Stralow.

"Na gani, ranka ya daɗe. Shi ma ya gani."

Na wuce na duba kwale-kwalen ceto.

Kafin rana ta yi sanyi babban jirgin yaƙi ya iso, ko sunanmu bai tambaya ba, ya buɗe mana wuta. Mu arba'in da ɗaya aka tsamo daga ruwa. Babu Fiete, amma akwai Laftanar, irinsu ba sa nutsewa.

Hafsan da ya karɓe mu yana jin Jamusanci. Ya ce matuƙin jirgin saman ya gaya musu tun da yake bai taɓa ganin jirgin kaya mai tsabta da tsari haka ba.

Na dubi Von Stralow. Ruwa na ɗiga daga rigarsa, amma na rantse sai da ya miƙe ƙirji, ya waiwayo ya ga ko na ji.